Ranar Da Mahauci Ya Ga Nama Yana Tsiro

Kowa a unguwarmu ta Brik gani yake ya iya wankin ciwo. Tambayi mai soya, wato mai tsire, tambayi tela, tambayi ɗan benskin, wato ɗan acaɓa, da ke jiran fasinja a bakin titi, duk abu ɗaya za su ce: mene ne a ciki? A wanke, a shafa jan magani, a naɗe. Ku ma 'yan matan da ake turo mana koyon aiki da wannan tunanin kuke shigowa, farar riga ta sha guga, waya a hannu, kuna ɗokin ranar da za a ba ku allura ku tsira wa mutum. A ganinku allura ce aikin asibiti, wankin ciwo kuwa ɗan'uwan shara ne. To ku buɗe kunne, don ni ba ni da haƙurin maimaita magana.

Abu biyu mutane suka ɗauka a baibai. Na ɗaya, sun ɗauka mu ne muke warkar da ciwo. Ba mu ba ne. Na biyu, sun ɗauka kumburi shi ne cutar, da sun ga wuri ya yi ja ya tasa sai a fara neman abin da zai kwantar da shi. Alhali sau da yawa kumburin nan shi ne alamar ma'aikata sun iso.

Sunana Dija. A Briqueterie, Brik ɗin ke nan, aka haife ni, nan aka haifi mahaifina, tela ne. Kakanmu ne ya zo daga ƙasar Kano da fataucin goro ya zauna. Na yi lycée, wato sakandare, har na kusa gamawa, jarrabawa ta ƙi ni, ni ma na ƙi ta. Daga nan aka samar mini gurbi a wani ƙaramin asibitin unguwa, wajen iyakarmu da unguwar Ekoudou, a ƙarƙashin wata ma'aikaciyar jinya da kowa ke kira Maman Odile. 'Yar kudu ce, Kirista, ta daɗe tana aiki cikin Hausawa. A bakin mahauta ta koyi Hausa, saboda haka Hausarta ba ta da kwana-kwana, kamar sara take.

Ciwon farko da aka ba ni na taɓa na wani ɗan benskin ne da ya zame a kwalta kwana biyu kafin nan, ƙwaurinsa ya ɗaye. Ina ganinsa na kai hannu kan kwalbar aidin. Maman ta buge mini hannu da bayan hantsaki.

"Regarde d'abord. Duba tukuna. Me kika gani?"

Na ce, "Ciwo."

"Makaho ma ya san ciwo ne. Wane launi?"

"Ja."

"Sa bayan hannunki kusa da shi. Yanzu sa a ɗaya ƙafar."

"Wannan ta fi zafi."

"Girmansu ɗaya?"

"Wannan ta kumbura."

Ta juya wajen mai ciwon. "Kai, yana maka zafi?"

Ya ce, "Maman, ko ƙuda ya sauka sai na ji har ka."

"Kana iya taka giyar mashin da ita?"

"Ina fa! Da ina iyawa ai da ba ki gan ni a nan ba."

Ta ce da ni, "To kin karanta. Ja, ɗumi, kumburi, raɗaɗi, da gaɓa ta ƙi aiki. Idan suka haɗu, sunansu inflammation. Ba zagi ba ne, aiki ne."

A tsaye, tana wanke ƙwaurin nan da ruwan gishiri, ta yi mini bayanin da har yau ban gama mamakinsa ba. Da nama ya ji rauni, ƙananan hanyoyin jini da ke kewaye sai su buɗe, jini ya kwararo da yawa. Shi ya sa wurin ke yin ja yana ɗaukar zafi. Bangon hanyoyin ya saki, ruwa ya tsattsafo cikin nama. Kumburin ke nan. Ruwan ya matse jijiyoyi, sai raɗaɗi, raɗaɗin kuma shi ke tilasta wa mai taurin kai ya ajiye ƙafa ta huta. Cikin wannan ruwa akwai wasu fararen ƙwayoyi na jini, waɗanda ke ratsa bangon hanya su fito, su bi datti da ƙwayar cuta suna haɗiyewa har su mutu a wurin. Ba wanda ya aike su. Mai ƙafar yana can yana gardamar ƙwallo, bai ma san ana yi ba.

Na ce, "In sun mutu ina suke zuwa?"

Ba ta amsa ba sai da muka sami wani mai maruru. Ta ɗebi ɗigon mugunya, ta ja ni ɗakin gwaji da ke bayanmu, ta roƙi mai gwajin ya shafa a gilashi ya rina ya sa mini a madubin ƙara girma. Na kafa ido. Ƙwayoyi ne birjik, wasu a fashe, wasu da abin da suka haɗiya a cikinsu. Abin da na tashi ina toshe hanci dominsa, ashe gawarwakin waɗanda suka tsaya wa mutum ne. Na daɗe a sunkuye har mai gwajin ya ce in ba shi wuri yana da aiki. Tun daga ranar ban ƙara yatsina fuska a gaban mugunya ba. Ina kwashe ta, don in ta taru ba ta da amfani sai ɓarna, amma da ladabi nake kwashewa.

Kada ku ji haka ku ce duk kumburi alheri ne. Akwai wanda ke tsayawa a bakin aikinsa, bayan 'yan kwanaki ya fara sauka. Akwai wanda ke ƙetare iyaka: jan yana faɗaɗa, wani jan layi ya miƙe sama, kaluluwa ta fito a matsematsi, zazzaɓi ya rufe mutum, wari ya canza. Wannan an fi ƙarfin masu gida ke nan, ba na ɗakinmu ba ne shi kaɗai, sai an haɗa da likita. Rarrabe waɗannan biyu shi ne rabin sana'ar, kuma ba a koyonsa a waya.

Kayan aikin ba su da yawa. Faranti na ƙarfe da aka turara a tukunya. Hantsaki biyu, ɗaya na taɓa mai tsabta, ɗaya na taɓa mai datti, kuma duk wadda ta haɗa mini su za ta ji bakina. Almakashi mai dakusasshen kai. Ƙaramar tasa mai siffar wake ta zuba abin da aka cire. Ruwan gishiri, auduga, bandeji, safar hannu. Sai biro, don zagaye iyakar ja a kan fata, gobe a ga ko ya ja baya ko ya ci gaba. Sai hanci. Maman tana iya tsayawa a bakin ƙofa, bandeji bai gama kwancewa ba, ta ce, "Wannan ya juya." In an buɗe kuwa a tarar haka ne.

Masu zuwa mana kuwa, unguwar ce gaba ɗaya. Masu soya da ƙunar mai ko ta wayar gasa nama, sun riga sun shafe ta da man goge baki ko ɗanyen ƙwai. Teloli da allurar keke ta ratsa farce. Mahautan mayankar Etoudi da yankan wuƙa, sun fasa kafso sun zazzage garin a ciki. 'Yan mata da hujin kunne ya tsiro musu ƙullutu, tabon da bai san ya tsaya ba. Kowa kuma da fatawarsa: a bar ciwo ya sha iska, a bar shi ya bushe. Wata rana na kwashe rabin safiya ina jiƙa ɓawon da wani mai soya ya yi ta tattali a damtsensa, yana alfahari ciwo ya kame. Da ɓawon ya ɗago, ƙarƙashinsa tafki ne. Daga nan na koyi karatun launi. Baƙi mataccen nama ne, nécrose, ba ya dawowa, sai a cire. Ɗorawa-ɗorawa mai yauƙi datti ne da ragowar yaƙi, shi ma a hankali ake kwashe shi. Ja mai ƙyalli mai gudaji-gudaji, shi ne sabon nama, a lallaɓa shi kamar jariri. Ruwan hoda a gefe-gefe fata ce take tahowa. Ciwo ba ya son fari, ba ya son ambaliya, danshi yake so daidai wa daida.

Shekarar da ta fi ba ni wuya ita ce wadda mijin Maman ya kwanta rashin lafiya, ta tafi ƙauyensu jinya, tafiyar da aka ce ta mako biyu ce ta koma watanni. Aka bar mini ɗakin wankin ciwo, sai babban ma'aikacin jinya da ke leƙowa in abu ya fi ƙarfina. A shekarar ce kuma famfo ya yi ta ɗaukewa a ɓangarenmu, mutane suka koma rijiyoyin da ke gangare kusa da rafi, waɗanda in an yi ruwan sama duk abin da unguwa ta zubar nan yake sauka. Mu muna dafa namu. Mutane a gida ba sa dafawa. Ciwon da a da zai rufe ba gardama, sai ya dawo yana ruwa.

Cikin wannan hali aka kawo Baba Sale.

Mahauci ne, tsoho, dogo, ya zo daga Nijeriya tun yana saurayi, ya ƙare ƙuruciyarsa a mayankar Etoudi. Yana da ciwon suga, ciwon kuma ya kashe masa ji a ƙafa. Tsinin ƙashi ya huda takalmin robarsa ya shige tafin ƙafa, bai sani ba, ya yi ta yawo a kai har matarsa ta ji wari. A babban asibiti aka cire masa ƙaramin yatsa da ya riga ya yi baƙi, aka kwashe ruɓaɓɓen nama, aka bar rami a gefen tafin wanda babban yatsana zai shige ya ɓace. Likitan ya ba shi magunguna, ya ce a riƙa wanke masa kullum kusa da gida, ya kuma ja layi da biro a saman ƙafar, ƙasa da idon sawu. Ya ce masa a fili: in ja da ruɓa suka haye wannan layi, za a yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa.

Ranar farko ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Wannan 'yar ce za ta riƙe mini ƙafa? Ina babbar?"

Na ce, "Babbar ta yi tafiya. Ni ce rabonka, tsoho. Miƙo."

"Kai! Amaryar tawa ba ta da kunya. To ki bi a hankali, ƙafar angonki ce."

"Angon da ya taka ƙashi bai sani ba? Ni na fasa."

Haka muka saba, wasan jika da kaka. Amma abin da na gani a ƙafar bai yi kama da wasa ba. Ina kwasar mataccen nama da almakashi, shi yana ba ni labarin wani bijimi da ya taɓa kubce musu ya shiga kasuwa. Ko gezau. Alamomin nan da Maman ta koya mini, raɗaɗi ya fita daga cikinsu, kuma shi ne mai gadin. Ciwo mai sa ihu yana kare kansa. Wanda ba ya zafi shi nake tsoro.

Na yi duk abin da aka koya mini. Ina auna masa suga, ina masa faɗa kan shayi mai kauri, na sa aka samo masa sanda don kada ya ɗora nauyi a wurin. Yana shan magani a gabana. Duk da haka ramin ya ƙi motsi. Bakinsa ya yi fari fat, ya yamutse, kamar yatsun wadda ta wuni tana wanki. Jan kuma kullum sai ya ɗan matsa sama. Na zagaye shi da biro yau, gobe in tarar ya leƙa waje. Tsakaninsa da layin likita ya rage bai fi faɗin yatsu biyu ba.

Na kira Maman a waya na kwatanta mata. Ta ce, "Fari, ya yi laushi? Macération. Ruwa ne, ma fille. Ko ciwon ne ke zubar da ruwa da yawa, ko wani yana jiƙa shi. Bandejin yana zuwa a jiƙe daga ciki?"

Na ce, "Ba sosai ba."

"To nemi mai jiƙawa."

Washegari na tsare shi. "Baba, kana bari ruwa ya taɓa ƙafar nan?"

Ya ce, "In zan yi wanka leda nake ɗaura mata har gwiwa. Tambayi uwargidanki."

Na tambayi matarsa, ta ce gaskiya ne, ita ke ɗaura masa. Bandejin kuma kullum yana zuwa a naɗe tsaf, har ya fi nawa kyau. Mutumin da ya shekara da shekaru yana ɗaure tsoka da igiya, naɗi ba zai gagare shi ba.

Wata rana layi ya yi tsawo, na gama da shi dab da azahar, ya ce zai ɗan huta a benci kafin mai mashin ɗinsa ya zo. Aka kira salla. Na fita bayan ɗaki zubar da ruwan tasa, sai ga Baba Sale a kan dutse, buta a gefe, ya warware bandejin da na naɗa yanzun nan ya ɗora a kafaɗa, ya ajiye audugar a kan gwiwa. Yana zuba ruwa a ƙafar, yana cuɗawa, yana sa yatsa yana tsettsefe tsakanin yatsun da suka rage, har cikin ramin. A natse, kamar yadda ya saba tun yana yaro. Ruwan kuma daga jarkar mai gadin asibitin ya ɗiba, na rijiyar gangare.

Na saki tasar ta faɗi.

"Baba! Me kake yi haka?"

Bai ko razana ba. Sai da ya gama ya ce, "Alwala. Ko a lycée ba a koya muku ita ba?"

"Kullum haka kake yi?"

"Kowace salla. In mayar miki da kayanki yadda kika sa. Na taɓa ɓata miki naɗi?"

"Ƙafar za ka ɓata! Sau biyar a yini kana zuba wa rami ruwan rijiya, ni ina nan ina haukan neman dalili! Ba ka san ana shafa a kan bandeji ba?"

Fuskarsa ta canza, wasan ya fita. Ya ce, "Na sani. Wannan na majinyata ne, waɗanda ke kwance ana juya su. Ni da ƙafata nake zuwa nan. Ba zafi, ba zazzaɓi. In tsaya gaban Ubangijina da busasshiyar ƙafa saboda ɗan ramin da ko jinsa ba na yi? Ke yarinya ce. Ki tsaya a audugarki, ki bar mini sallata."

A kan nama ina da abin faɗa. A kan salla, wace ce ni a wurinsa? 'Yar tela mai ɗan kwali a karkace. In na ci gaba da ɗaga murya, gobe ba zai zo ba, in bai zo ba kuwa ƙafa ta tafi. Na sake wanke ciwon, na naɗe. Yana hawa mashin na cire safar hannu na nufi masallacin layinsu.

Limaminsu Malam Buba ne, Bafulatani daga arewa, siriri, mai magana a hankali har ta kan ƙure haƙurin irina. Na jira a waje har ya fito. Na durƙusa na ce, "Allah gafarta Malam, ƙafar mutum na zo roƙo." Na faɗa masa komai, har layin biro. Ya ce zai yi masa magana. Na ce, "Malam, magana ba za ta yi ba, sai ka zo ka gani da idonka." Ya dube ni, ina jin yana auna rashin kunyata. Ya ce, "To, gobe."

Ya kuwa zo. Baba Sale na ganinsa ya harare ni. "Ƙarata kika kai?"

Na ce, "Ƙarar ƙafarka na kai."

Na kwance bandejin a gaban Malam. Na nuna masa farin bakin, na nuna masa zagayen biro na jiya da na shekaranjiya, da layin likita. Malam ya sunkuya ya duba sosai, bai kau da kai ba. Ya tambaye ni, "Kin tabbata ruwan ne?" Na ce, "Na tabbata yana cikin abin da ke hana shi, kuma wadda ta koya mini ta faɗa tun ba ta gani ba."

Ya juya ga Baba. "Malam Sale, in dabba ta zo maka da irin wannan a cinya, me kake yi da wurin?"

"Yankewa nake in jefar."

"To haka likita ya ce zai yi maka. Kai kana ganin rashin jin zafi lafiya ce, ga masu sani sun ce shi ne cutar. Wanda wanki zai cutar da shi, shafa aka ce ya yi. In ana tsoron gaɓa ta salwanta, ba zaɓi ba ne kuma, dole ne. Wanda Ya wajabta maka wankin Shi ne Ya sauƙaƙa maka. Kyauta ce aka miƙo, kai kuma ka ce hannunka ya fi ƙarfinta?"

Baba ya ce, "Sallar tawa ba ta ragu ba?"

"Ko ƙwayar gero. Amma in ka bari aka yanke, wace ƙafar za ka wanke?"

Malam ya sa na naɗe. Ya karɓi buta, ya jiƙa tafin hannunsa, ya yarfe, ya shafa sau ɗaya a kan bandejin, sama-sama. Ya ce, "Shi ke nan. Yi in gani." Tsohon nan ya jiƙa hannu, ya shafa. Ya dubi tafinsa kamar an ba shi canjin da bai yarda da shi ba. Ya ce, "Shi ke nan?" Malam ya ce, "Shi ke nan."

Ba a kwana ɗaya abin ya juya ba. Da farko farin bakin ne ya kame. Sai jan ya tsaya inda yake, ina zagayewa ina samunsa a cikin zagaye. Sai ya fara ja da baya, kumburin ya sauka har fatar saman ƙafar ta yi tamoji. Da ya koma babban asibiti, likitan ya canza masa magani ɗaya, ya ce a ci gaba, bai ƙara zancen layi ba. Ni dai ina ta kwashe ɗorawar nan kaɗan-kaɗan. Wata safiya na ɗaga auduga, sai ga ƙasan ramin ya yi ja jawur, gudaji-gudaji, yana ƙyalli kamar cikin gwaba mai jan ciki. Na ɗan taɓa da auduga, ya tsattsafo da jini. Ban san lokacin da na ce "Allahu Akbar" ba.

Baba ya ce, "Lafiya? Ya lalace?"

Ciwon a tafin ƙafa yake, bai taɓa ganinsa da kyau ba. Na ɗauko madubin jakata na kara masa. Ya karɓa, ya gyara shi da kansa, ya ƙura ido.

"Wannan ai tsoka ce," ya ce. "Mai kyau ma. Daga ina kika samo?"

"Ni? Ni shara kawai na yi. Kai ka yi abinka."

Na gaya masa abin da aka gaya mini: kowane gudaji da yake gani sabuwar hanyar jini ce, siririya fiye da gashi, ta tsiro daga tsohuwa ta lanƙwaso. Tsakaninsu wasu ƙwayoyi suna saƙa zare, suna cike ramin daga ƙasa zuwa sama. In ya cika, fata za ta taho daga gefe-gefe, ta rarrafo ta rufe. In bakin nan ya haɗu da wancan, sai su tsaya.

"Wa ke gaya musu su tsaya?"

Na ce, "Na tambayi Maman, ta ce suna jin junansu. Na sa ta tambayi wani likita, ya ce akwai bayani mai tsawo, amma shi ma har yanzu in ya gani sai ya yi shiru."

Bai sauke madubin ba. Ya ce, "Tun ban da gemu nake rarraba nama. Na san inda kowace tsoka ta fara da inda ta ƙare, ido rufe zan fitar miki da ita. Dubu nawa na yanka, ban taɓa mayar da ko ƙwaya ɗaya ba. Ashe yana tsirowa. A ƙafata, ina zaune ina surutu." Ya yi tasbihi a hankali, ya maimaita. Mutanen da ke layi suka fara leƙowa, wata mata ta ce, "Ashia, Baba," wato sannu, tana zaton zafi yake ji. Ya ce mata, "Ba ashia ba ce, zo ki gani." Ya sa mutum huɗu ko biyar suka kalli tafin ƙafarsa a madubina kafin na kore su.

Daga ranar shi ke tambayata. Yau ya kai ina? Wannan farin-farin na gefe, mai kama da ɓawon albasa, fatar ce? Na ce ita ce, kada ka kuskura ka taɓa. Ramin ya cika, ya tsuke, bakin ya matso. Lokacin da Maman ta dawo, saura ɗan wuri kamar ƙwayar gyaɗa. Ta duba, ta latsa gefe, ta shinshina, ta ce, "C'est propre." Wato ya yi tsaf. A bakinta wannan kirari ne. Ta gargaɗe shi cewa tabo ba ya kai asalin fata ƙarfi, ba ya gumi, ba ya gashi, saboda haka takalmi mai laushi, kuma kullum matarsa ta duba masa tafin ƙafa tunda shi ba ya ji. Yau yana zuwa masallaci da ƙafafunsa biyu da yatsu tara. Ya bar shiga mayanka, yana zama a rumfa yana yi wa masu yanka gyara, suna ƙorafi.

Bayan wannan na fara tambayar duk mai ciwo a gaɓar alwala yadda yake yi da salla, kafin in taɓa hantsaki. Abin da na tono ya ba ni tsoro. Baba Sale ba shi kaɗai ba ne, shi ne dai aka kama. Maza ina tura su wurin Malam Buba. Sai ga wata mai jego da aka yi wa aiki aka ciro jariri, ɗinkin ya buɗe a gefe. Na gama naɗe ta, ta riƙe mini hannu, ta yi ƙasa da murya ta ce jini ya ɗauke, tana son yin wanka ta fara salla, yaya za ta yi da cikin? Ta ce kada in kai maganarta wurin wani namiji, ko liman ne. Na san amsar rabi da rabi. Rabi da rabi kuwa ba na ba mutum a ɗakin nan, ko a nama ko a addini. Na ce ta ba ni zuwa gobe, na je na tambayo wata malama da ke karantar da matan aure a layin bayanmu, na kawo mata amsa.

A hanyar dawowa na yanke shawara ba zan ƙara yawon aron amsa ba. Na koma wurin malamar na ce ta sa sunana. Na gaya mata ba ni da lokaci, babin tsarki kawai nake so, wurin da aka yi maganar masu rauni da masu ɗauri, ta buɗe mini nan mu gama. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce a wurinta kowa daga farko yake farawa, ko likita ce. Na ce to, ranar Asabar ina zuwa, amma a ajiye mini wuri a sahun gaba, don ina da tambayoyi kuma ba na son a ce ba a ji ni ba.